Shin Ko Kun San? Ƙafar Aro a Ƙarƙashin Tsofaffin Motocin Tafi-da-Gidanka

Shin ko kun san cewa yawancin tsofaffin motocin tafi-da-gidanka, waɗannan masu gado da murhu da makewayi a ciki da mutanen Turai da Amurka ke yawon hutu da su, ba don ɗaukar gida aka ƙera ƙafarsu ba? Mai gina ɗakin daban, mai ƙera shasi da inji daban. Mai ginin yakan sayo shasin motar kaya tsirara, ya kafa bango da rufi a kai, ya rataya labule, ya shimfiɗa katifa, ya kai kasuwa. Sifirin da aka auna don buhuna da kwalaye, shi ne zai ɗauki magidanci da iyalinsa da kwanukan cin abincinsu. Kwali kuwa ba ya kukan ciwon baya. Kusan duk ƙorafin da masu irin waɗannan motoci ke yi kan girgiza da tangaɗi, daga nan ya samo asali.

Shin ko kun san cewa sifirin mai falle-falle, wanda ke ƙarƙashin galibinsu, ya girmi ita kanta mota? Tun a 1804 wani maƙerin keken doki a Landan, Obadiah Elliott, ya yi rajistar dabarar ɗora keke a kan tanƙwararrun fallayen ƙarfe. Shekara ɗari biyu ke nan da ɗoriya, kuma har yau da wuya a sami abin da ya kai shi sauƙi da juriya. Aiki uku yake yi lokaci guda: ya ɗauki nauyi, ya riƙe aksul kada ya goce gaba ko baya, ya kuma hana shi zamewa gefe. In falle ɗaya ya karye, sauran za su lallaɓa su kai ka gari. Aibinsa ma a fallayen yake. Kafin sifirin ya lanƙwasa, sai fallen sama ya zame a kan na ƙasa, kuma gugar da ke tsakaninsu ba ƙarama ba ce. In aka faɗa babban rami, nauyin mota zai tilasta musu motsi. Amma ƙananan gargada, irin mahaɗar kwalta ko tsakuwa, ba su da ƙarfin da za su sa fallayen zamewa, sai bugun ya zarce cikin bodi, daga bodi ya hau kujera, ya shiga kabad ɗin kicin. Shi ya sa tsohuwar tafi-da-gidanka ba ta tafiya shiru: cokula da murafen tukwane ne 'yan amshinta.

Leƙa ƙarƙashin wadda ta shekara arba'in ka gani. Jan garin tsatsa na zubowa daga tsakanin fallaye. Bakan sifirin ya miƙe ya kwanta, wani lokaci har ya fara komawa ta baya. Akwai wata guntuwar roba manne da shasi daidai saman aksul, wadda aikinta shi ne ta tare bugu in sifirin ya ƙure. In ka ga wurin da take taɓawa a jikin aksul ya yi sumul yana ƙyalli, to motar ta daɗe tana tafiya a kan robar, sifirin sunansa kawai ya rage. Dalili kuwa a fili yake. Motar kaya takan sauke lodi ta huta. Wannan lodinta a jikinta yake, bango da firij da tankuna, dare da rana, har a watannin sanyi da take fake a bayan gida ba ta zuwa ko'ina.

Shin ko kun san cewa araha ce ta cika titunan Amurka da su? Kamfanin Winnebago na garin Forest City a jihar Iowa ya fitar da motarsa ta farko a 1966, ya sayar da ita kusan rabin kuɗin da abokan kasuwarsa ke nema. Da yawa daga cikin na shekarun 1970 a kan shasin Dodge aka ɗora su: gungumen aksul a gaba, wani a baya, fallaye a kusurwa huɗu. Tayar dama ta faɗa rami, ta hagu ta sani, domin ƙarfe ɗaya ya haɗa su. Direba kuma a saman tayar gaba yake zaune, inda bugu ya fi zafi. Araha dai ba ta ado. Dodge ya daina wannan shasi a 1979, lokacin da kamfanin Chrysler ke cikin matsin kuɗi, ya bar wa Chevrolet da Ford fili.

Shin ko kun san cewa akwai motar da aka ɓoye mata jakar iska a cikin sifirin? Shasin Chevrolet P30 asalinsa na motocin raba kaya ne gida-gida, irin na masu burodi. Ƙafarsa ta gaba ta fi ta Dodge wayewa, domin kowace taya da gashin kanta take, a kan naɗaɗɗen sifirin. Amma naɗin shi kaɗai bai isa ɗaukar gaban gida ba, sai aka cusa jakar roba a tsakiyarsa ana hura mata iska. Mutum ya sayi tsohuwa, bai ma san da jakar ba, ta fashe tun zamanin mai ita na farko. Hancin mota ya sunkuya, saitin taya ya baci, sitiyari ya yi ta yawo, taya ta ci gefe ɗaya, shi kuma yana ta zagin hanya. Ga shi tazarar tayoyin gaba ba ta kai faɗin ɗakin da ke kansu ba. In ka tsaya gabanta za ka ga tayoyin sun shige ciki, bodi ya yi musu rumfa. Kwana da iska mai ƙarfi ba abokan wannan tsari ba ne. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin Workhorse ya karɓi ƙera shi daga hannun General Motors.

Ford kuwa bai wahalar da kansa ba. Shasinsa F53 fallaye ne gaba da baya, da gungumen aksul, ƙarfi kamar me, taushi babu. Amma akwai wani abin dariya a cikinsa. A kan waɗanda aka yi daga 1999, sandar nan ta sitabilaiza mai hana mota kwanciya a kwana tana da huda biyu a kowane baki, kuma a hudar waje masana'anta ke ɗaurewa. Masu motocin suka gano cewa in aka mai da ɗaurin hudar ciki, hannun sandar ya gajarta, ta ƙara tauri, tangaɗi ya ragu. Sifana da ɗan lokaci kawai abin ke ci. Sai dai sitabilaiza mai tauri tana da nata haraji: tana ƙara haɗa tayar hagu da ta dama, don haka in za a hau kafaɗar titi a karkace, gidan gaba ɗaya sai ya yi jifa. Ƙananan motocin Ford na jerin E, waɗanda ake wa gado a saman kan direba, su kuma ƙafar Twin I-Beam gare su, wadda Ford ya fara sa wa akori-kurarsa a 1965: dogayen ƙarafa biyu masu gittawa, kowane da tayarsa. Ta fi gungumen aksul laushi, amma in nauyi ya sauya tayar takan karkata, ta ci roba.

Shin ko kun san cewa J5 ɗin nan mai jigilar tumatir da albasa da fasinja a hanyoyinmu ita ce uwar dubban motocin tafi-da-gidanka a Turai? A 1981 aka fara ƙera ta a masana'antar Sevel da ke Val di Sangro a Italiya, aka sayar da ita da sunaye daban-daban: Fiat Ducato, Peugeot J5, Citroën C25, a Ingila kuma Talbot Express. Mota ɗaya ce, tambari ne ya bambanta. Abin da ya sa masu gina ɗakuna suka yi rububinta shi ne da tayoyin gaba take ja. Babu farfela da ke ratsawa zuwa baya, saboda haka daga bayan kujerar direba fili ne, sai yadda ka ga dama. Ƙafar gaba irin ta MacPherson ce, shokozoba a cikin naɗaɗɗen sifirin sun zama turke ɗaya, tsarin da ya yi suna da Ford Consul ta 1950. Baya kuwa miƙaƙƙen aksul ne da fallaye. Duk wanda ya taɓa zama a kujerar ƙarshe ta J5 ba lodi, ya san yadda take cilla mutum. In an danne ta da kaya sai ta nutsu. Bature da ya ɗora mata ɗaki, ɗannewa ya yi ta dindindin, har ta wuce nutsuwa ta koma durƙuso.

Wannan durƙuson ne ya buɗe wa wani kamfanin Jamus kasuwa. AL-KO, wanda Alois Kober ya kafa a 1931 a matsayin ƙaramar maƙera a yankin Bavariya, yakan karɓi kan motar kawai, wato inji da kujerun gaba, ya ɗaura mata nasa shasin a baya: mai ƙasa-ƙasa, mai faɗi, da aksul mai sandunan murɗa a ciki, kowace taya tana motsi ita kaɗai. Sandar murɗa ba lanƙwasa take yi ba. An kafe baki ɗaya, ɗaya bakin yana haɗe da hannun taya; taya ta hau, sanda ta murɗe, ta sauka, sanda ta warware. Daɓen ɗaki ya sauko, faɗin ƙafa ya ƙaru, tangaɗi ya ragu. Amma tsofaffin irin wannan aksul suna da sharaɗi: giris, kuma ba a yi musu shi suna tsaye a ƙasa. Sai an ɗaga bayan motar da jak har tayoyin sun rataya, nauyi ya sauka daga kan bushin, sannan giris zai sami hanyar kewayawa. Wanda ya matsa giris mota na zaune, ya ɓata giris ne kawai. In aka yi shekaru ba a yi ba, hannun ya cije, gyaran kuma sau da yawa sauya aksul ne dungum.

Jamusawa na da wani ɓangaren da bai damu da laushi ba. Hymermobil ta Erwin Hymer, wadda ta fito a 1971, da ƙannenta da aka ɗora a kan Mercedes T1 na 1977 zuwa 1995, fallaye ne gaba da baya. Ba gudu, ba taushi, ba kuma mutuwa. Su ne har yau matafiya ke nema in za su keta ƙasashe masu muguwar hanya, domin kowane bakanike ya san fallen ƙarfe.

Shin ko kun san cewa shokozoba ba ya ɗaukar nauyi? Mutane da yawa in suka ga mota ta zauna sai su ce shokozoba ya mutu. A'a, zama na sifirin ne. Aikin shokozoba shi ne ya kashe rawar da sifirin ke yi bayan bugu, ta hanyar tura mai cikin ƙananan huda. In ya mutu, mota ta hau mahaɗar gada, sai hancinta ya yi ta sunkuyawa da ɗagowa sau uku ko huɗu kafin ya tsaya. A ƙaramar mota abin haushi ne. A gida mai tan biyar ko shida, mai tsayin mita uku, abin tsoro ne. A ganina babu kuɗin da mai tsohuwar tafi-da-gidanka zai kashe ya ji bambanci nan take kamar na sababbin shokozoba masu kyau, irin su Bilstein na Jamus ko Koni na Holan, matuƙar sifirin bai riga ya kwanta ba.

Shin ko kun san cewa jin daɗin tafiya lissafi gare shi? Jikin mutum ya fi samun natsuwa in bodin mota na hawa da sauka kusan sau ɗaya zuwa ɗaya da rabi a daƙiƙa. Girgizar da ta kai sau 4 zuwa 8 a daƙiƙa ita ce ta fi damun ciki da ƙashin baya. In kuma lilon ya yi jinkiri ƙwarai, kamar sau ɗaya a daƙiƙa biyar, nan ne zuciya ke tashi, irin na cikin jirgin ruwa. Tsohuwar mota mai cijajjen falle da mataccen shokozoba takan haɗa wa mutum duka biyun: ta jijjiga shi a gargada, ta yi lilo da shi a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Wani injiniya ɗan Ingila, Maurice Olley, wanda ya bar Rolls-Royce ya koma Cadillac a 1930, shi ya gano cewa ya kamata sifirin gaba ya fi na baya laushi kaɗan. Gaba ke fara cin tudu, baya ya biyo. In baya ya fi saurin dawowa, sai ya cim ma gaba, motar ta hau ta sauka a miƙe ba tare da sunkuyo ba. Mai ƙera shasi na iya auna wannan tsaf. Amma bai san inda mai ginin ɗaki zai ajiye tankin ruwa ba.

Tankin kuwa yawanci a can ƙarshen baya yake ƙarewa, kuma nan ne gizo ke saƙar. Don a sami ɗaki mai tsawo a kan gajeren shasi, sai a bar bodi ya zarce tayoyin baya da mita biyu, wani lokaci uku. Ɗauki motar da tsakanin tayar gaba da ta baya mita 4 ne, ka rataya babur mai kilo 100 a mita 2 bayan tayar baya. Aksul na baya ba kilo 100 zai ji ba, 150 zai ji, gaba kuma ya rasa kilo 50. Sitiyari ya yi sako-sako ke nan. Ruwa ma ba wasa ba: lita ɗaya kilo ɗaya ce, tanki mai lita 150 ya ɗara nauyin mutum biyu matsakaita. Sai tirela ta zo wucewa. Iskar gabanta ta fara tura wutsiyar, hanci ya juya wajenta. Ta ƙaraso ta tura hanci, ya koma ɗaya gefen. Kamar mai ɗauke da doguwar gora a kafaɗa ne: a taɓa ƙarshenta kaɗan, shi duka sai ya juya. Fallaye da tsohon bushin suna barin bodi ya zame gefe a kan aksul, abin ya ƙaru. Maganin da aka fi yi shi ne sandar Panhard, mai sunan tsohon kamfanin motocin Faransa: ƙarfe guda a gicciye, baki ɗaya a shasi, ɗaya a aksul. Tana barin hawa da sauka, ta hana zamewa.

Shin ko kun san cewa bas-bas ne suka fara hawa iska kafin motocin alfarma? General Motors ya fitar da bas ɗin PD-4104 mai ƙafar iska a 1953, Scenicruiser ta kamfanin Greyhound ta biyo a 1954, sai a 1957 Cadillac Eldorado Brougham ta samu. Fifikon jakar iska guda ne babba. Sifirin ƙarfe taurinsa ɗaya ne, ko mota na wofi ko tana cike; in aka auna shi don cikakken lodi, sai ya yi tauri in babu. Jakar iska kuwa tana da bawul mai lura da tsayin mota. Nauyi ya ƙaru, ta zauna kaɗan, bawul ya buɗe, kwamfuresa ta ƙara iska har ta dawo inda take. Taurin yana tafiya da nauyin, saboda haka lilon kusan ɗaya ne koyaushe. Ga shi babu fallen da zai cije. Shi ya sa masu hali a Amurka suka riƙa sayen tsofaffin bas-bas suna mai da su gidaje, daga baya kuma manyan motoci masu injin dizal a baya suka zo da jakunkuna huɗu, wasu har takwas.

Shin ko kun san cewa sau ɗaya wani babban kamfanin motoci ya zauna ya zana gida da ƙafarsa tare? Ita ce GMC Motorhome, wadda aka ƙera a Pontiac ta jihar Michigan daga 1973 zuwa 1978, guda 12,921. Tsawonta iri biyu ne, wajen mita 7 da wajen mita 8. Injiniyoyin suka ɗauko inji da giyar Oldsmobile Toronado, motar alfarma mai ja da tayar gaba, V8 mai lita 7.5, suka sa a hancinta tare da sandunan murɗa. Tunda babu farfela, babu kuma buƙatar aksul ya ratsa ƙarƙashin ɗaki, sai suka yi wani abu a baya da ba a saba gani ba. Taya biyu a kowane gefe, ɗaya gaban ɗaya, kowace a kan hannunta, hannayen biyu suna juyawa a kan turke ɗaya da ke jikin shasi, jakar iska guda a kwance tsakaninsu. Tayar farko ta hau tudu, ta matsa jakar, jakar ta raba bugun da ta biyu. Kafin ta biyu ta hau, ta farko ta sauka. Hagu ba ruwanta da dama. Daɓen ɗakin inci 14 kacal yake daga ƙasa, kusan santimita 36, alhali sauran motocin zamanin sai an taka matakala. Nauyi ya sauko, tangaɗi ya ragu tun daga tushe, ba sai an bi shi da sanduna ba.

Akwai kuma ƙari. In an isa masauki ƙasa ba daidai ba, direba na iya ƙara iska a gefe ɗaya ya rage a ɗaya daga inda yake zaune, har gado ya daidaita. Wannan ba don barci kawai ba ne. Firij mai aiki da gas da ke cikin irin waɗannan motoci ba ya son karkata, in ya daɗe a karkace lalacewa yake yi. GMC ɗin ta fito a fim ɗin Stripes na 1981 sanye da kayan soja. Tsadar mai ta shekarun 1970 ba ta yi mata daɗi ba, kamfanin kuma ya ga ribar ta fi yawa a motocin kaya, ya rufe layin. Dubbai na nan suna yawo har yau, da ƙungiyoyin masoya masu ƙera mata kayan gyara. Rauninta sananne ne: in aka hau tudu mai santsi ko ciyawa mai laima, nauyi ya koma baya, tayoyin gaba su yi ta juyawa a banza. In jakar gefe ɗaya ta fashe, gefen nan gaba ɗaya ya zube. Shi ya sa wasu suka sauya tsarin zuwa jaka biyu a kowane gefe.

Iska dai daɗi gare ta, amma tana son hidima. Roba na tsagewa a wurin naɗi, tiyo na bushewa, bawul na toshewa. Alamar farko ita ce a kwana mota a miƙe, a wayi gari ta jingina gefe ɗaya. Kayan bincike kuwa ruwan sabulu ne a kwalbar feshi: a hura jaka, a fesa a jikinta da kowace mahaɗa, a tsaya a zuba ido. Inda ƙananan kumfa suka taru suna girma, nan ne. Kuma ba a shiga ƙarƙashin motar da iska ke riƙe da ita sai an tokare shasi da ƙarfe ko katako mai kauri, domin in tiyo ya fita, saukowar ba ta jiran kowa.

Shin ko kun san cewa 'yan sama-jannatin Apollo a tafi-da-gidanka aka kai su bakin roka? Clark Cortez ce, wadda kamfanin Clark mai ƙera injinan ɗaga kaya ya fara yi a 1963: da gaba take ja, kowace taya da gashin kanta. Hukumar NASA ta gyara ɗaya ta riƙa jigilarsu da ita. Kamfanin FMC, mai ƙera motocin sulke na soja, shi ma ya gwada daga 1973 zuwa 1976, ya yi kusan dubu ɗaya masu inji a baya da taya huɗu masu zaman kansu. Ɗan jarida Charles Kuralt na gidan talabijin na CBS ya zaga Amurka da ɗaya. Duk sun fi Winnebago daɗin hawa, duk kuma sun fi ta tsada, kuma ita ce ta rage a kasuwa.

A ƙananan motoci, Volkswagen Kombi da kamfanin Westfalia ke wa gado da kabad tun 1951 sandunan murɗa gare ta gaba da baya, gadon da ta ci daga Beetle. Laushi ba laifi, amma direba na zaune a kan tayar gaba, iska kuma na wasa da ita yadda ta so. Sai a 1979, da samfurin T3 mai kusurwoyi, irin da yawa daga danfon Legas, aka koma naɗaɗɗen sifirin. Tsohon samfurin bai mutu ba sai 2013, a Brazil. Citroën H ta Faransa, mai jikin kwano, an yi sama da 470,000 daga 1947 zuwa 1981, ita ma da gaba take ja a kan sandunan murɗa, daɓenta ƙasa-ƙasa har mutum na tsayawa a ciki a miƙe.

Shin ko kun san cewa akwai ƙafar da ba ƙarfe ba, ba iska ba? Kamfanin taya na B.F. Goodrich ya yi wadda ake kira Torsilastic: bututu a cikin bututu, roba mai kauri manne a tsakaninsu, ita ke murɗewa. Ba giris, ba kwamfuresa, ba yoyo. Bas-bas ɗin Eagle, da mawaƙan Amurka suka so don yawon wasa, a kanta suke, haka wasu motocin Foretravel da Safari. Da shekaru robar kan saki, mota ta zauna, a yi ta gyara saiti ana ɗago ta har saitin ya ƙare. Daga nan sai neman sabuwa, samunta kuwa yanzu aiki ne.

Shin ko kun san cewa an taɓa yi wa aksul tayar ƙarya? A shekarun 1970 da 1980 kamfanoni irin su masu Dolphin da Sunrader sun ɗora ɗakuna a kan ƙaramar akori-kurar Toyota. Da ɗakunan suka yi tsawo, aka ɗaura taya biyu-biyu a baya a kan aksul ɗin da aka yi don taya ɗaya. A irin wannan aksul, sandar da ke juya taya ita ce kuma ke ɗaukar nauyi. Ƙarin tayar ya tura nauyin waje, boris ya yi zafi, sanda ta karye, taya ta fice ana cikin gudu. Daga wajen 1986 Toyota ya riƙa ba da aksul mai ƙarfi wanda bututunsa ke ɗaukar nauyi, sanda ta tsaya ga juyi kawai, a 1991 kuma aka yi kiranyen tsofaffin don a sauya. Masu saye har yau sukan tsuguna su duba tsakiyar tayar baya: in akwai cibiya mai fitowa waje da zoben kusoshi, mai ƙarfin ce.

Wannan ya kawo mu ga wani ruɗu. Ana sayar da ƙananan jakunkunan iska da ake ɗaurawa tsakanin shasi da aksul don taimaka wa gajiyayyen falle, kuma suna aiki: mota ta ɗago, ta bar kan roba, kwana ya yi sauƙi. Amma ɗagowa ba ƙarin ƙarfi ba ce. Aksul, boris, birki da taya suna nan yadda suke, adadin da ke rubuce a farantin mota bai sauya ba sai hukuma ta sake tantancewa. A Turai kuma lasin ɗin ƙaramar mota kilo 3,500 ne iyakarsa, tsofaffin motoci da yawa kuwa suna dab da shi tun kafin a sa tukunya ɗaya.

Shin ko kun san cewa taya ita ce sifirin na farko, kuma ita aka fi zalunta? Adadin iskar da ke rubuce a gefen taya iyaka ce, ta ranar da tayar ke ɗauke da ƙarshen abin da za ta iya. Mai faci ya ga babbar mota, ya cika ta har wannan adadi, ta koma dutse, mai ita ya tafi neman sabon sifirin. Hanyar da ta dace ita ce a loda mota yadda ake tafiya da ita, da ruwa da mai da mutane, a hau sikelin manyan motoci, a auna gaba daban baya daban, in da hali kowace kusurwa, sannan a duba jadawalin kamfanin tayar a sa iskar da ta dace da nauyin. Ragewa da ka kuma haɗari ne, domin taya mai ƙarancin iska zafi take yi ta fashe. Tayar tafi-da-gidanka ba ta cika sudewa ba, tsufa ke kashe ta, zanenta na nan raɗau alhali gefenta ya tsattsage. Michelin na cewa a riƙa kai ta dubawa kowace shekara in ta kai biyar, a cire ta in ta kai goma ko da kyanta. Shekarun na rubuce a jikinta, a ƙarshen layin da ya fara da DOT: lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2315 na nufin mako na 23 a 2015. In lamba uku ka gani, kafin shekarar 2000 aka yi ta, kuma ana samun irinsu har yanzu rataye a bayan tsofaffin motoci a matsayin safaya.